Layukan da Suka Haɗu

A duk makarantar, ba mai kiran yarinyar nan da sunanta. Ƙamus ake ce mata. In Malama ta rubuta sabuwar kalmar Turanci a allo, kafin ta ajiye alli Ƙamus ta haddace. Tana aji shida. Tana da ƙoƙari, wannan ba musu. Sai dai ita ma ta san tana da ƙoƙarin, kuma nan ne matsalar take.

Tana da ƙane a aji uku, ana ce masa Auta. Shi kam karatu bai shige shi sosai ba. In aka ba shi lissafi, sai ya yi ta cizon fensir kamar zai cinye shi. Amma in aka ce gudu, to a ba shi wuri. Mama takan aike shi kanti, kafin ta juya ya dawo yana haki.

Babansu direban bas ne. Yakan fita da sassafe, ya dawo a gajiye. Duk ƙarshen zango, Ƙamus ce take kawo kyauta gida. Baba ya ɗaga kyautar ya duba, ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Sannan ya shafa kan Auta ya ce, "Kai ma ka dage." Auta ya ce to. Bai taɓa kawo ko da fensir ba.

Wata rana Malamar lissafi ta rubuta kalma a allo da manyan baƙaƙe: PARALLEL. Ta ja layuka biyu a ƙarƙashinta.

"Da Turanci, haka ake ce wa layukan da suke tafiya tare," in ji ta. "Faɗin da ke tsakaninsu ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Komai nisan da suka yi, ba sa haɗuwa. Wa zai nuna mini irinsu?"

"Layukan littafin rubutu!" in ji wani.

"Ƙarafan taga!" in ji wata.

Ƙamus ta miƙe tun ba a kira ta ba. "Layin dogo, Malama."

"Madalla," in ji Malama. "Amma ku lura. In kun hangi layin dogo, za ku ga kamar ƙarafan biyu sun haɗu can nesa. Ba su haɗu ba. Ido ne yake yaudara. Shi ya sa ba a tabbatar da wannan abu da ido. Sai an auna. A auna nan, a je can a sake aunawa."

Ƙamus ta riƙe rabin maganar na farko. Lokacin da ake faɗin sauran, tana can tana gwada yadda za ta murɗa harshe kalmar ta fito da kyau.

Ranar nan mutanen gida sun sha kalma.

"Mama, kin san titinmu da titin asibiti parallel ne? Haka ake cewa da Turanci."

"To," in ji Mama, tana wanke-wanke.

"Kaka, igiyoyin shanyar nan ma parallel ne."

Kaka ta dube ta ta saman tabarau. "Ke dai ki bar harshen nan ya huta. Tun da kika shigo yake aiki, ko ruwa ba ki ba shi ba."

Ana cikin haka sai ga Auta ya faɗo gida da gudu, bakinsa har kunne.

"An zaɓe ni! Ni zan yi wa ajinmu tsere ranar wasanni!"

Da Baba ya dawo, Auta bai bari ya cire takalmi ba.

"Baba, za ka zo?"

Baba ya ce, "Ranar aiki ce fa, Auta."

Auta ya sunkuyar da kai. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"To, shi ke nan. Zan roƙi wani ya riƙe mini motar. Zan zo in ga gudun nan da ake ba ni labari."

Daga ranar, Auta bai sake zama ba. Kullum da yamma yana lungun bayan gida yana gwaji. "Yaya, ki tafa mini," zai ce. Ƙamus ta tafa hannu, shi kuma ya zuba da gudu. Wani lokaci yakan tsaya ya ce, "Yaya, kina ganin Baba zai ji daɗi?" Ita kuwa ta ce, "Kai dai ka yi gudunka," idonta yana kan takarda. An zaɓe ta ta karanta jawabin maraba da Turanci a ranar, kuma shi ne a ranta.

Ana gobe wasanni, Malamin wasanni ya kira Ƙamus da wata 'yar ajinsu da ake ce wa Doguwa. Ya ba su igiya, da turaku, da gwangwanin farar ƙasa mai huji a ƙasa. Sannan ya ɗauko wata sanda.

"Ku za ku zana hanyoyin tsere," in ji shi. "Kowane yaro da hanyarsa, tsakanin layi biyu. Sandar nan ita ce faɗin hanya ɗaya. Ku auna a mafara, ku kafa turaku. Ku je ƙarshen fili, ku sake aunawa da ita, ku kafa. Sai ku ɗaura igiya, ku bi ta da farar ƙasa. Ina so layukan su zama..."

"Parallel, Malam!" in ji Ƙamus. Ta karanto masa ma'anar da Turanci, ko numfashi ba ta yi ba.

Malam ya yi dariya. "Ai na san wadda na ba aiki." Ya tafi wajen jera kujeru.

A mafara, sun auna komai daidai. Suka ɗauki igiya da turaku suka nufi ƙarshen fili. Rana ta take, filin kuma da tsawo. Sai da suka isa Doguwa ta ce, "Af! Mun bar sandar a can."

Ƙamus ta waiga. Sandar tana can nesa, kwance a ciyawa. Ta duba gabanta kuma, sai ga tarin duwatsu da magina suka bari a gefen filin, daidai inda hanyar ƙarshe za ta bi. Daga cikin aji, tana jiyo masu gwajin waƙar maraba sun fara. Bayansu ita ce za ta yi gwajin jawabinta.

"Bari in je in ɗauko," in ji Doguwa.

"Bar shi. Idona ya isa."

"To duwatsun nan fa? Ba za mu kwashe ba?"

"Mu kwashe duwatsu? Da wane hannun? Mu ɗan matso da turakun kawai."

Haka aka yi. Ƙamus ta kafa turaku da ido. Kowanne ta ɗan matso da shi kusa da ɗan'uwansa, don a kauce wa duwatsun. Da ta zo kan hanyar ƙarshe, wuri ya kusa ƙarewa. Ta soka turken a ɗan abin da ya rage. Suka ɗaura igiya, suka zuba farar ƙasa.

Da suka koma mafara, Doguwa ta tsaya ta kare ido da hannu.

"Ƙamus, duba fa. Kamar suna tsukewa can ƙarshe."

Ƙamus ta tuna turakun da ta matso da su. Amma bakinta ya riga zuciyarta.

"Ke ba ki ji Malama ba? Yaudarar ido ce. Haka layin dogo yake."

Wa zai yi musu da Ƙamus a kan abin da Malama ta faɗa? Malamin wasanni ma da ya zo wucewa da kujeru a kai, daga mafara ya leƙa. "Sun yi kyau," ya ce, ya wuce.

Washegari fili ya cika. Baba ya zo da rigarsa mafi kyau, wadda Mama ta goge tun jiya. Ya sami kujera a gaba, kusa da inda tsere yake ƙarewa. Ƙamus ta karanta jawabinta, aka tafa mata, ta ji daɗi ƙwarai.

Sai aka kira 'yan aji uku. Malamin wasanni ya raba musu hanyoyi. Auta ya sami ta ƙarshe, ta wajen duwatsu. Ƙamus ta tuna yadda ta soka turken hanyar a ɗan wurin da ya rage. Ta ce a ranta, ai ba komai, shi siriri ne.

Baba ya taɓa mutumin da ke kusa da shi. "Ka ga ƙaramin can na gefe? Ɗana ne."

Aka busa usur.

Kai, Auta ya yi gudu ranar nan! Kafin a kai rabin fili ya bar kowa a baya, sai wani ƙaton yaro da ke hanyar kusa da tasa. Su biyu suna tafe kafaɗa da kafaɗa. Baba ya miƙe tsaye. Mutumin da bai cika ɗaga murya ba, sai ga shi yana ihu, "Auta! Auta!"

Saura kaɗan su kai. Layukan suka matso, suka ƙara matsowa. Kafaɗar Auta ta bugi ta yaron. Ƙafafunsu suka sarƙe. Yaron ya faɗi a ciyawa. Auta kuwa ya faɗa kan duwatsu.

Sauran yaran suka wuce su.

Gwiwar Auta ta fashe, jini yana zuba. Malamin da ke alƙalancin tsere ya zo ya ce, "Na gefe ne ya bar hanyarsa. Ya shiga ta wani. An fitar da shi."

Baban ƙaton yaron ya taso a fusace. "Da gangan ya sa masa ƙafa! Ya ga za a wuce shi!"

Ƙamus tana tsaye, takardar jawabi a hannunta. Ta ga Baba ya je gaban mutumin, ya rusuna kaɗan, ya ce, "Don Allah ka yi haƙuri. Yaro ne." Sannan ya ɗauki Auta a kafaɗa. Jini ya ɓata rigar da Mama ta goge.

Ta buɗe baki za ta yi magana. Ta ga taron mutane, ta ga malaman da suka tafa mata ɗazu. Sai ta rufe.

Bayan an ɗaure gwiwar a ɗakin shan magani, suka kama hanyar gida. Baba yana ɗauke da Auta, Ƙamus tana biye.

"Auta," in ji Baba a hankali, "faɗuwa ba laifi ba ce. Ko na ƙarshe ka zo, ni ba zan ji haushi ba. Amma me ya sa ka shiga hanyar wani?"

"Baba, wallahi ban shiga ba," in ji Auta, yana shessheƙa. "Hanyar ce ta ƙare."

"Hanya ba ta ƙarewa, Auta. Kada ka haɗa laifi da ƙarya."

Auta bai sake cewa komai ba. Ƙamus ma haka. Ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da yamma ta kai masa abinci ɗaki. Yana kwance, ya juya fuska bango.

"Yaya," ya ce, bai waigo ba, "ke kika zana layukan, ko?"

"Ni ce."

"To ai ke ba kya kuskure. Wataƙila ni ne ban gani da kyau ba."

Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ta ajiye kwanon ta fita da sauri. Abincinta ma kasa ci ta yi. Kaka ta dube ta ta ce, "Yau kuma harshen ya tafi hutu?" Ba wanda ya yi dariya.

Da safe ta riga kowa zuwa makaranta. Sandar tana jingine a bayan ofis. Ta ɗauka ta nufi fili.

Ta kwantar da ita a mafarar hanyar Auta. Ta zauna daidai, daga layi zuwa layi. Ta je tsakiyar fili ta sake gwadawa. Sandar ta haura layi. Ta ƙarasa inda Auta ya faɗi. A nan, rabin sandar yana cikin hanyar wancan yaron. Ta tsaya a cikin hanyar, ta haɗa ƙafafunta biyu. Da ƙyar suka shiga.

Auta bai yi ƙarya ba. Hanyar ce ta ƙare.

Ta zauna a ciyawa ta fashe da kuka. A haka Malamar lissafi ta same ta. Malama ta dubi sandar, ta dubi layukan. Ba ta buƙaci dogon bayani ba, amma Ƙamus ta faɗa mata komai, har da maganar da ta rufe bakin Doguwa da ita.

"Faɗa mini ma'anar kalmar," in ji Malama.

Ƙamus ta faɗa.

"Daidai, ba kuskure ko ɗaya. To me na ce bayan na yi maganar yaudarar ido?"

Ƙamus ta sunkuyar da kai. "Kin ce sai an auna."

"Kin ɗauki rabin da zai rufa miki asiri, kin bar rabin da zai sa ki aiki. Kalmar nan ba ado ba ce, 'yata. An yi ta ne don kada jirgi ya sauka daga layinsa, kada ƙofa ta ƙi rufuwa, kada yara biyu su yi karo. Yanzu me za ki yi?"

"Zan faɗa, Malama."

"Wa za ki faɗa wa?"

"Kowa da kowa. A gaban kowa aka ce Auta ya yi mugunta."

Da aka taru a filin taro, Ƙamus ta fito. Jiya a gabansu ta tsaya aka tafa mata. Yau ba takarda a hannunta, sai sanda. Ta faɗi abin da ta yi, ba ta rage komai ba. Ta ba Doguwa haƙuri, ta ba ƙaton yaron haƙuri. Malamin wasanni ma ya ce shi da laifinsa, da bai taka ya je ƙarshen fili ya duba ba. Shugaban makaranta ya ce za a sake tseren in ƙafar Auta ta warke. Ya ce Ƙamus ce za ta kwashe duwatsun, ta sake zana layukan.

"Malam, ina da roƙo," in ji ta. "Don Allah a sa tseren ranar Laraba. Ita ce ranar hutun babanmu."

Mafi wuya shi ne na gida. Ta jira Baba ya dawo, ya sha ruwa. Ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa. Baba bai yi faɗa ba. Sai ya ce, "Kina biye da mu a hanya lokacin da na ce masa maƙaryaci?"

"Ina biye, Baba."

"Kuskuren awo, kowa yana iya yi. Shirun nan shi ya fi yi mini ciwo."

Ya tashi ya shiga ɗakin da Auta yake. Ƙamus ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ga Baba ya zauna a gefen gado, ya kama hannun ɗan yaron.

"Auta, ka faɗa mini gaskiya, ban yarda da kai ba. Ka yafe mini."

Ba ta taɓa jin Baba ya nemi yafiyar yaro ba. Ita ta jawo hakan. Hawaye suka sake zubo mata.

"Yaya, daina kuka," in ji Auta. "Amma ke za ki riƙa kai mini jakata har in warke."

"Zan kai."

"Da wanke mini safa."

"Kai, Auta!" in ji Mama daga waje. Har Baba sai da ya yi murmushi.

Kwashe duwatsun nan bai zo da sauƙi ba. Kullum bayan an tashi, Ƙamus tana fili da tsohon bokiti. Tafin hannunta ya yi kanta. Doguwa ta taya ta, ko da yake ba a sa ta ba. Da suka zo zane, Ƙamus ta auna a mafara, ta auna a tsakiya, ta auna a ƙarshe. Ta koma ta sake. Har Doguwa ta ce, "Haba, sandar nan za ta gaji da ke."

Ranar Laraba ta zo. Ba kujeru, ba jawabi, ba taron iyaye kamar wancan karon. Wannan babbar ranar ta wuce, ba mai dawo wa Auta da ita. Amma Baba yana tsaye a ƙarshen fili. Baban ƙaton yaron ma ya zo, ya ba Baba hannu, ya ba shi haƙuri.

Auta ya ce a ba shi hanyarsa ta da. Ya tsaya a mafara, ya hangi ƙarshen fili. Daga nan layukan sun yi kamar sun tsuke. Ya waigo ya dubi yayarsa.

"Yaya, hanyar za ta kai ni ƙarshe?"

"Za ta kai ka," in ji ta. "Na auna."

Aka busa usur. Auta ya tafi, ƙaton yaron yana gefensa. Suka yi ta tafiya tare, kowa a hanyarsa, ba wanda ya taɓa wani. Daf da ƙarshe Auta ya ɗan wuce. Bai tsaya a layin ƙarshe ba, sai da ya faɗa jikin Baba. Baba ya ɗaga shi sama yana dariya.

Lambar yabon da aka ba shi ƙarama ce, mai jan zare. Baba ya rataye ta a madubin bas ɗinsa. Duk fasinjan da ya tambaya, sai ya ce, "Ta ɗana ce."

Gwiwar ta warke, amma tabon yana nan. Duk lokacin da Auta ya zauna ɗaura takalmi, Ƙamus takan gan shi, ta tuna abin da ta yi. Ta koyi cewa haddace kalma ba shi ne saninta ba, sai ka yi aiki da ita. Aikin da aka ba ka, ka yi shi har ƙarshe yadda aka ce, domin wani ne zai bi ta kansa. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, kafin wanda bai ji ba bai gani ba ya ɗauki laifinka.

Har yanzu Ƙamus ake ce mata. Sai dai yanzu in aka ce, "Kin tabbata?" ba ta saurin amsawa. Takan ce, "Bari in duba tukuna."